GASHIN 'YA'YAN ITACE DA GARIN ALKAMA

An shirya wannan takarda domin Hakimai da malamansu na ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, su karanta, su kuma sa a karanta wa mutanen gida. Maganar girki ce, mai yiwuwa kuwa wani ya ce ina ruwan Hakimi da madafa. To, ruwansa biyu ne. Na fari, gidan Hakimi gidan baƙi ne, balle a Wurno, inda masu ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a can cikin 1837, ba su yankewa. Abin da aka ajiye gaban baƙo kuwa da shi zai ba da labarin ƙasar. Na biyu, kayan wannan girki duka talakawan Hakimi ke noma su, kuma ko wace shekara wani kashi daga cikinsu yana ruɓewa a gindin itace ba a amfana da shi ba.

Asalin abincin

Abincin da ake zance a kansa na Turawa ne. Sukan fere tuffa, su yayyanka ta cikin kwano, su haɗa gari da mai da sukari su murtsuke har ya zama marmashi, su barbaɗa a kai, sa'an nan su gasa. Ƙasa ta yi laushi da zaƙi da ɗan tsami, sama ta yi ja ta yi ƙaras-ƙaras. Bayan an ci abinci ake kawo shi. Ya bayyana cikin littattafan girki na Amurka tun 1924. A Ingila kuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yaɗu, gama tun daga watan Janairu na 1940 Gwamnatinsu ta ƙayyade wa ko wane gida man shanu da sukarin da zai saya, matan gida suka nemi girkin da ba ya cin mai da yawa, ba ya kuma son ƙwai. Watau tun can asalinsa abincin tsimi ne, na mai ƙaramin ƙarfi.

Ita tuffa itaciyar ƙasar sanyi ce. Asalinta duwatsun tsakiyar Asiya ne, wajen ƙasar Kazakistan. Yawancin irinta ba su fure yadda ya kamata sai sun sha sanyi na awoyi ɗaruruwa, sanyin da bai haye digiri 7 ba. Hunturun Sakkwato, duk da jaurarsa, ba ya ba da wannan, bazara kuwa takan haye digiri 40. Saboda haka tuffar da ake gani a tire a kasuwannin Sakkwato baƙuwa ce. Da yawa daga Afirka ta Kudu take zuwa cikin jirgin ruwa, sa'an nan a ɗoro ta a mota ta yi tafiyar kilomita wajen 1,000 daga bakin teku, kuma duk kuɗin wannan tafiya mai saye ke biya. Wanda ya sayi guda shida ko bakwai domin ya gasa, lalle ya yi ɓarnar da ba ta zama tilas ba.

Abin da tuffa ke bayarwa a wannan girki uku ne: tsoka mai ƙarfi wadda ba ta narkewa ta zama ruwa, da zaƙi, da tsami. Mangwaron da ya ƙosa bai gama nuna ba yana da ukun nan. Gwaiba ma haka, in an cire 'ya'yan. Sauran aikin duka na gari ne da mai da wuta.

Alkama da mangwaro

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin da ana noma ta a fadamu da rani, ana ba ta ruwa da jigo, ana yin taliya da alkaki da funkaso da gurasa da ita, ko da yake a dā abincin sarakuna ne da attajirai. Wurno da Goronyo suna bakin Gulbin Rima, Rabah kuwa tana bakin Gulbin Sakkwato, dukansu masu fadama ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo cikin 1984 noman rani ya ƙaru a kwarin Rima, ana shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama. Alkama ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, domin ta sami sanyin hunturu, a girbe ta wajen watan Maris. Wanda ya makara da shuka zafi ya cim mata tana cikin ɗaukar ƙwaya, sai ta yi tsamurmuri.

A nan akwai abin lura. Sa'ad da sabuwar alkama ke shiga rumbu, daidai lokacin mangwaro ke fara ƙosawa a lambuna, ya ci gaba har zuwa faɗuwar ruwa. Cikin 'yan makonni sai ya cika kasuwa, kuɗinsa ya faɗi, abin da ba a sayar ba yau gobe ya yi laushi, jibi ƙuda ya bi shi. Mai lambu yana ji yana gani. Ga gari sabo, ga 'ya'yan itace a banza, ga man shanu wurin matan Filani ranar kasuwa, amma ba a saba haɗa su a kwano guda ba.

Nijeriya tana sayo fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da take ci daga ƙasashen waje. Cikin 1987 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da ita domin a ƙarfafa noman gida, cikin 1992 aka janye hanin. Ɗaya daga cikin kukan masu gidajen burodi shi ne garin alkamar gida, wanda aka niƙa a injin gari na unguwa, ba ya tashi kamar fulawar kamfani. Ko da kukan nan gaskiya ne, bai shafi wannan girki ba, dalili kuwa ga shi. Cikin garin alkama akwai wani abu wanda in ya haɗu da ruwa aka cuɗa shi yakan zama danƙo. Wannan danƙo shi ke riƙe iska burodi ya kumbura, shi ne kuma ke sa taliya ta miƙe ba ta tsinke ba. Marmashi ba ya son danƙo ko kaɗan. Shi ya sa ake fara murtsuka gari da mai, mai ya lulluɓe ƙwayoyin garin, ruwa ya kāsa shigarsu. Saboda haka garin gida, mai ɗan tsaki-tsaki da ɗan dusa, ya fi fulawa kyau a nan, ya fi ta ƙamshi, ya kuma fi ta riƙe ciki. Wanda ya gane wannan bayani ya gane rabin darasin, ba zai kuma yi kuskuren zuba ruwa cikin garin ba.

Kayan haɗi

Awon da za a bi shi ne ƙaramin gwangwanin madara, gama babu gidan da ba a samunsa. Abin da aka ƙayyade a nan zai ishi mutum shida zuwa takwas.

Na ƙasa: mangwaro takwas ko goma matsakaita, gwargwadon abin da zai ba da tsoka kilo 1, sukari rabin gwangwani, ruwan lemun tsami biyu, garin alkama cokali biyu babba, dakakkiyar kirfa ko citta rabin ƙaramin cokali.

Na sama: garin alkama gwangwani 3, sukari ko dakakkiyar mazarƙwaila gwangwani 1, soyayyen man shanu gwangwani 1 wanda bai cika baki ba, soyayyar gyaɗa ɓarzajjiya ko riɗi gwangwani 1, gishiri ɗan taɓi.

Amurkawa sukan sa wani irin hatsi nasu da aka turara aka lallatse, domin ya ƙara ƙaras-ƙaras. Gyaɗa ko riɗi ya tsaya a madadinsa. Kada a yi tsammanin ɓarzajjiyar alkama za ta yi, gama ba ta nuna cikin ɗan lokacin gashin, sai ta fito kamar tsakuwa a haƙori.

Zaɓen mangwaro shi ne abin da ya fi wuya. Mai aure, wanda ba shi da zare, ya fi kyau. Mai zare ma yana yi in an kama shi da sauran ƙarfinsa, kafin zaren ya bayyana. A danna da babban yatsa: in ya lotsa kaɗan ya tsaya, shi ne, in yatsa ya nutse, na sha ne, a ba yara, in ya yi tauri kamar dutse, cikinsa fari, a bar shi kwana biyu cikin buhu. Wanda aka tsinta a ƙasa a tsaga shi a duba, don sau da yawa da tsutsa a ciki. Akwai kuma mugun halin nan na nunar da 'ya'yan itace da sinadarin kabait, irin na masu walda, wanda hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. Alamarsa ita ce baya ya yi rawaya fes, ciki kuwa ɗanye, ba ƙamshi. Irin wannan kada a saya, in kuwa an san mai yin haka a kasuwar Hakimi, ya kamata labari ya kai gare shi.

Yadda ake haɗawa

A wanke hannu da sabulu, a wanke mangwaro, a fere, a yanka tsokar yanka-yanka kamar kaurin yatsa. A zuba cikin kwano mai faɗi wanda aka shafe da mai, na silba ko na langa wanda bai ɓamɓare ba. A zuba sukari da lemun tsami da kayan ƙamshi da garin nan cokali biyu, a jujjuya. Amfanin garin shi ne ya tsotse ruwan da mangwaro zai fitar, ya zama kamar romo mai kauri. In mangwaron ɗanye-ɗanye ne a rage lemun tsami a ƙara sukari, in ya nuna a yi akasin haka. Harshen mai girki shi ne alƙali. Inda babu lemun tsami, jiƙaƙƙiyar tsamiya mai kauri cokali biyu ta isa. Zurfin 'ya'yan itace cikin kwano kada ya wuce yatsa uku.

Wanda ya sami tuffa kyauta, ko ya ga zai iya, hanyar ɗaya ce. Ya zaɓi koriya mai tsami, guda shida ko bakwai, ya fere, ya cire tsakiyar, ya yi maza ya zuba lemun tsami don kada ta yi baƙi.

Sa'an nan a koma kan marmashi. A haɗa gari da sukari da gishiri da gyaɗa a wani kwano dabam. A kawo mai. A nan ne yanayin ƙasar nan ya saɓa da na Turai, gama littattafansu suna cewa a yi aiki da man shanu mai sanyi, daskararre, wanda kuwa ya san watan Afrilu a Goronyo ya san ba a samun wannan sai a gidan mai firji da wutar da za ta riƙe shi. Dabara biyu ce. Ko dai a yi aikin da sassafe, bayan an kwana da man cikin kwalba a jikin randa. Ko kuwa a bar shi a narke, a riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan ana watsa garin da kan yatsu, har ya dunƙule ƙanana-ƙanana kamar dambu. Ta biyun ta fi sauƙi, kuma ba ta kāsa ta farkon ba. Abin da aka hana shi ne cuɗawa da tafin hannu kamar mai kwaɓin funkaso. In an damƙi kaɗan a hannu ya haɗe, aka taɓa shi ya warwatse, ya yi.

Soyayyen man shanu ya fi ɗanye a wannan aiki, domin ɗanyen yana da sauran ruwa da nono a jikinsa, ruwa kuwa shi ne mai tā da danƙo. Man gyaɗa yana yi in babu hali, sai dai a rage shi kaɗan, ƙamshin kuma ba zai kai ba. Zuma tana da kyau a ƙasa, cikin mangwaro, amma a sama jiƙa garin take yi, ta kuma ƙone da wuri.

A barbaɗa marmashin a kan mangwaro ya rufe shi duka, kaurin yatsa ɗaya. Kada a danna.

Wuta

Gidan da ke da murhun gas mai wurin gashi, ko na lantarki, sai a sa shi digiri 180, a gasa minti 35 zuwa 45. Amma irin waɗannan gidaje kaɗan ne a ƙauyuka, don haka ga hanyar da kowa zai iya.

A sami babbar tukunyar ƙarfe mai murfi, wadda kwanon zai shiga ciki da sauran wuri a gefe. A zuba busasshen yashi mai tsabta zurfin yatsa uku, a ɗora a kan garwashi, a rufe, a bari ta yi zafi minti goma sha biyar. Yashi yana riƙe zafi ya rarraba shi daidai, ya hana gindin kwano ƙonewa. A ajiye ƙananan duwatsu uku a kan yashin, busassu, ba waɗanda aka tsamo daga gulbi yanzu ba, gama jiƙaƙƙen dutse yakan fashe a wuta. A kansu kwanon zai zauna.

Kafin a sa kwano a gwada zafin. A barbaɗa gari kaɗan a kan murfin gwangwani, a sa cikin tukunya, a rufe. In bayan minti biyar ya yi launin soyayyar gyaɗa, zafi ya yi daidai. In ya yi baƙi, a janye wuta. In yana nan fari, a ƙara.

Bayan an sa kwano an rufe, sai a kwashi garwashi a zuba a kan murfin tukunya. Wannan shi ne asirin gashin duka. Mai dafuwa a ƙasar Hausa ta saba da wutar ƙasa kaɗai, hannunta yana son tura itace gindin tukunya, a nan kuwa kashi biyu cikin uku na garwashin a sama ake sonsa, kashi ɗaya a ƙasa. Wutar ƙasa aikinta ta tafasa mangwaro a hankali, wutar sama ita ke busar da marmashi ta ja da shi. In ƙasa ta fi ƙarfi, sukari ya ƙone ya yi ɗaci tun sama tana fara. In ba a sa wuta a sama ba, tururi ya taru a murfi ya ɗigo, abin ya fito kamar ɗanyen kwaɓi. Don maganin tururin, a ɗan karkata murfin a bar ƙofa kamar kaurin tsinke. Kada a riƙa buɗewa ana leƙe. Sau ɗaya bayan minti ashirin da biyar ya isa, a juya kwanon, a yi hankali kada toka ta faɗa ciki. Sa'ad da sama ta yi ja, ruwan mangwaro yana ɓulɓulowa ta gefen kwano, ya nuna. A sauke a bar shi ya huce minti goma sha biyar, romon ya kama jikinsa. Ana ci da kindirmo, ko da madarar shanu wadda aka tafasa.

Inda akwai tanderun gurasa, bayan an gama gashin yini zafin da ya rage yakan isa, a saukar da kwanon a kan duwatsu a rufe baki.

Gargaɗi biyu ba na wasa ba ne. Kada a yi murfi da kwanon rufin ɗaki, ko da gwangwanin da ya taɓa ɗaukar fenti ko maganin feshi na gona, ko an wanke shi. Kada kuma a shiga da garwashi cikin ɗaki a rufe ƙofa, ko don iska ko don ƙura. Gawayi yana fitar da wata iska wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da barci, mutum ya wuce daga barcin bai farka ba. A tsakar gida ake wannan gashi, ko a madafa mai taga a buɗe.

Ajiya da sayarwa

Abin da aka gasa da safe a cinye shi a ranar. Zafin bazara ba ya barinsa ya kwana lafiya. Amma marmashin kaɗai, in an baza shi a faranti an gasa shi dabam har ya bushe, yana yin mako guda cikin gwangwani mai murfi, a riƙa barbaɗa shi a kan yankakken mangwaro ko kindirmo. Ga matan da ke son sana'a da shi wannan ita ce hanyar da ba ta da asara, domin abin da bai ƙare yau ba yana nan gobe. Sai dai a kula, kada sabuwar sana'a ta zama sabon dalilin hana yarinya zuwa makaranta a ɗora mata talla.

Shi kansa mangwaro ana iya tsawaita kwanansa. A yanka shi falle-falle, a tsoma cikin ruwan lemun tsami, a shanya a kan tabarma mai tsabta bisa rumfa, a rufe da yadi marar kauri saboda ƙuda da ƙura. Ranar Afrilu takan busar da shi cikin kwana uku ko huɗu. A ɗaure cikin leda ko kwalba, a ajiye a inuwa. Ran da za a yi gashi a jiƙa shi awa guda cikin ruwan ɗumi. Tilas a yi shanyar kafin ruwa ya sauka, gama da zarar iska ta yi laima sai ya yi fumfuna. Masu ciwon sukari kuwa su tuna abin nan sukari ne bisa sukari, su tambayi ma'aikacin asibiti kafin su ci.

Abin da ake roƙon Hakimai

Malamin Hakimi namiji ne, masu aikin kuwa mata ne a cikin gida, saboda haka takarda ba za ta isa inda ake so ba sai an bi ta hannun mata. Ana roƙon ko wane Hakimi ya sa a fara gwadawa a gidansa, gama abin da aka ga uwargidan Hakimi ta yi, matan dagatai da na masu unguwanni ba su jinkirin koyo. Bayan wannan a nemi malamai mata na makarantun 'yan mata da na azuzuwan ilmin manya, a ba su kofe, a tanadar musu gari mudu ɗaya da mai da gawayi, su nuna a gaban ɗalibai. A sa ranar nunin tsakanin ƙarshen Maris da tsakiyar Mayu, lokacin da kayan ke da araha. Malamin Hakimi ya kwafe awon kayan da bayanin wuta da gargaɗin gawayi a takarda guda, da boko da ajami, ya ba ko wane dagaci. Ya kuma rubuta sunayen ƙauyukan da ke da lambunan mangwaro, da makon da ya fi yi musu yawa, domin malamin gona ya san inda zai fara kai bayanin shanya.